Ƙorafi Kan Faifai Biyu da Za a Goge Ranar Litinin

Daga: Mai harhaɗa magunguna, gida mai lamba 14, layin bayan makarantar firamare. Lambar abokin ciniki: 30718.

Zuwa ga: Babban Manaja, Sashen Kula da Abokan Ciniki, hawa na biyu, hedikwatar kamfani.

Kwanan wata: Alhamis, 6 ga Maris, 2025.

Game da: Roƙon dakatar da goge tsofaffin faifaina biyu, da ƙorafi kan aikin kwashe bayanai da aka yi a gidana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena a gabanka, tare da roƙon a karanta shi yau, domin kwana huɗu kacal suka rage.

1. Shekara bakwai na yi ina amfani da na'urar adana bayanai ta kamfaninku, mai faifai biyu, wadda a da take kan kanta a falona. Duk wayoyin gidan da kwamfutocinmu a cikinta suke ajiya. Da ta cika, na sayi sabuwa mai faifai huɗu a ƙarƙashin tsarinku na karɓar tsohuwa a ba da sabuwa.

2. Ranar Asabar, 8 ga Fabrairu, injiniyanku ya zo kwashe bayanan. Tun kafin ya ajiye jakarsa na shaida masa cewa akwai folda guda da aka kulle da kalmar sirri, na kuma rubuta masa kalmar a takarda. Ya ce ba ya buƙatarta, na'urar ta san aikinta, kuma yana da sauran gidaje biyu a gabansa. Da yamma ya nuna mini allon kwamfutarsa, an rubuta ɗari bisa ɗari. Na sa hannu, ya ɗauki tsohuwar na'urar da faifanta ya tafi. Ban tsaya na buɗe foldoji ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan sakacina ne, ba na kuma ɓoye shi.

3. Ya kamata Yallaɓai ya san abin da ke cikin foldar. A bara likita ya gano ciwo a maƙogwaron mai ɗakina, ya ce aikin da za a yi mata zai tafi da muryarta. Daga Agusta zuwa Oktoba, kullum da rana takan shiga ɗakin yara, ta rataya bargo a taga saboda hayaniyar titi, ta yi ta naɗar muryarta har sai ta dishe. Ta naɗi guda ɗari huɗu da goma sha biyu. Wasu jimloli ne da asibiti ya ba ta, domin a haɗa mata na'urar magana mai irin muryarta. Sauran na 'ya'yanmu uku ne: labarai, nasiha, kiran sunayensu, har da faɗan da take yi wa autarmu in ta hau kan teburi. An yi aikin ranar 12 ga Nuwamba. Tun ranar ba ta sake furta kalma ba. Bayan na kwafe naɗin cikin foldar, ni da hannuna na goge shi daga wayarta da ta cika, bisa dogaro da littafin na'urarku, wanda ya ce kowane faifai yana riƙe da kwafin ɗan'uwansa.

4. Ranar Lahadi, 16 ga Fabrairu, na buɗe foldar domin in tura wa asibiti nasu. Sunan foldar yana nan a sabuwar na'urar. Cikinta wayam.

5. Na kira ofishinku ranakun 17, 20 da 25 ga Fabrairu. Kowane kira sai a ba ni sabuwar lambar ƙorafi, a ce za a neme ni. Ba wanda ya neme ni. Ranar 27 na rufe kantin magani na zo da ƙafata. Ma'aikaciyar teburin karɓar baƙi, wadda nake yaba wa kirkinta, ta duba ta shaida mini cewa faifan suna sito ba a taɓa su ba, amma bisa ƙa'idarku ana goge duk abin da aka karɓo in ya cika kwana talatin, wato Litinin, 10 ga Maris. Ta ce sa hannunka kaɗai zai hana. Na zauna awa uku a bencin ƙofar ofishinka, daga baya aka ce ka wuce wani taron.

6. Kwana goma sha bakwai ina ɓoye wa mai ɗakina, ina ce mata sabuwar na'urar ba ta gama daidaita ba. Sai jiya na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ɗan allon da take rubutu a kai ta tambaye ni ko faifan suna nan. Na ce suna nan, zuwa Litinin. Ta tashi ta kawo mini takarda da biro.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Yallaɓai:

(a) Ya ba da umarni a rubuce, kafin a tashi aiki gobe Juma'a, a fitar da faifan daga jerin waɗanda za a goge.

(b) A mayar da su cikin tsohuwar na'urar, a buɗe foldar a gabana, a kwafe, mu ƙirga tare.

(c) A binciki dalilin da allo ya nuna aiki ya kammala alhali bai kammala ba, domin ba na zaton gidana ne kaɗai ke da folda a kulle.

Ba na neman diyya, ba na kuma so a kori injiniyan; shi ma yana da iyali. In har ban sami amsa ba, za a same ni a ƙofar sito ranar Litinin tun kafin a buɗe, ba don rigima ba, sai don kada a yi abin a bayan idona.

Mai ɗakina ta karanta wannan takarda sau biyu, ta gyara mini kwanan wata ɗaya, ta kuma nemi in bar mata wuri a ƙasa.

Ka huta lafiya. Mu ne naka masu biyayya,

Sa hannu: mai harhaɗa magunguna, abokin ciniki mai lamba 30718

Sa hannu: mai ɗakinsa, mai muryar da ke cikin faifan