Na Bar Mutanenki A Hanya, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Bakura yau wata bakwai. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da mahaifiya, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Autanki ne, Bashiru.

Yau ce ranar da na saba jera wa masu bibiyar shafina finafinan da ke tafe, na jiragen sararin samaniya da na dodanni da matsafa: wanda za a haska a sinima, wanda zai fito a talabijin, da wanda zan iya tura wa mutum a waya nan shagona na Mafara. Na fara jerin lafiya lau. Da na iso na huɗu sai hannuna ya ƙi. Kashin ƙarshe na labarin mutanenki zai fito Juma'a mai zuwa, Inna. Masu jiran jeri su yi haƙuri, yau da ke nake magana.

Kin tuna yadda abin ya fara? Lokacin yanar ido ta riga ta rufe miki gani. Na zo gaishe ki, kina ƙarƙashin rumfa kina ɓarar gyaɗa, ni kuma maimakon hira na duƙufa a kan waya ina kallon fim. Kika ce, "Auta, minene wanga ƙugi kamar injin ban ruwa?" Don in sallame ki kawai na ce wasu mutane ne duniyarsu ta bushe, suka shiga wani ƙaton jirgi suna ratsa taurari suna neman ƙasa mai ruwa. Sai kika ajiye tiren gyaɗar. Ke da kika tashi a Maradun kusa da madatsar ruwa, kika ƙare ƙarfinki a noman rani, ba wanda zai koya miki abin da rashin ruwa yake nufi.

Tun daga ranar na zama idonki. Duk zuwan da zan yi sai na kalla ina fassara miki. Sunayensu ba su zauna a bakinki ba, sai kika raɗa musu naki: Dogo mai tuƙi, Sarkin Gardama, da Tsohuwa mai iri, wadda ta ƙulle irin shuka a tsumma ta hana kowa taɓawa ko da yunwa ta yi tsanani. Ita ce ƙawarki. Kina cewa, "Ta dai riƙa shanya shi, kada ƙwari su cinye mata." Na yi dariya na ce babu rana a cikin jirgi, kika ce to wannan sakacin masu jirgin ne.

Kashi na uku ya ƙare man jirgi ya kusa ƙarewa, ga wata duniya shuɗiya can nesa suna hango ta. Daga nan sai jira. Aka sa ranar fitowar na ƙarshe, aka ɗage. Aka sake sawa, aka sake ɗagewa.

Ni kuwa ina da wani abu da nake taƙama da shi. A shafina ba na ɗora jita-jita, ba na hasashen yadda labari zai ƙare, sai abin da na tabbatar. Mutane suna yaba mini a kan haka, kaina kuwa ya kumbura har na ɗauka wani babban hali ne.

Zuwana na ƙarshe, bayan Azahar ne. Kina kwance a ɗaki, Yaya Hajara tana yi miki fifita, kwanon kunu a gefe ba ki taɓa ba. Muka gaisa, muryarki da ƙyar take fita. Kika ce, "Auta, mutanen nan sun sabka?" Na ce ai bai fito ba, an ɗage sai bayan damina. Har da yi miki bayanin dalili, wai aikin haɗa hotunan ne bai kammala ba, kamar wanda ake yi wa tambaya a rediyo.

Kika ce, "To kai ba ka da baki? Sabko da su mana."

Yaya Hajara ta zungure ni da mafici. Na gane abin da take nufi sarai, kada in yi ƙarya in ce ban gane ba. Amma na yi dariya na ce ni ba na faɗin abin da ban gani ba, ki bari ya fito mu ji na gaskiya. Kika ce, "To, Allah Shi kai mu." Kika juya fuskarki bango. Ni kuma na duba agogo, na fita neman motar Mafara.

Kwana tara bayan nan aka kira ni.

Bayan addu'ar uku ne Yaya Hajara ta same ni a zaure. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce sau biyu kina tambayarta ko Tsohuwa ta samu wurin shuka, ita kuwa ba ta san labarin ba balle ta ƙarasa miki. Sannan ta tuna mini shekarar da na yi ƙyanda.

Ina ɗan shekara shida, idanuna sun liƙe, ina ta tsala ihu da tsakar rana. Ke ce mai hana mu tatsuniya da rana, kina cewa mai yin ta ɓacewa yake yi a hanya. Amma ranar kika ɗora ni a cinya kika buɗe tatsuniya rana tsaka. Gwaggo ta leƙo tana salati, kika ce mata, "In ɓace ɗin, in dai shi ya yi shiru." Da kika manta ƙarshenta, ƙirƙira kika yi. Na sani, domin da na warke na ce ki maimaita, wani ƙarshen daban kika kawo.

Kin karya dokar da kika gada daga iyayenki saboda ni. Ni kuwa na kasa karya dokar da na ƙaga wa kaina a waya. Minti biyar kika roƙa, ba magani ba, ba tufafi ba. Kunya ce ta hana ni faɗin wannan tsawon wata bakwai, Inna, har yanzu kuma ina rubutu ne ina sunkuyar da kai a shagon da ba kowa.

Ban san abin da masu fim ɗin suka shirya ba, ban kuma jira Juma'a ba. Yanzu rana tsaka ce, ga nawa.

Sun sauka, Inna. Dogo ya dire jirgin da ɗigon man ƙarshe a bakin wata fadama. Sarkin Gardama ya ce ruwan ba zai shawu ba, Tsohuwa ta ɗiba da tafin hannu ta sha a gabansa. Ta kwance tsummanta, ba ƙwaro ko ɗaya, domin ashe tana shanya irin a ɓoye kusa da injin jirgi. Ta yi kwami irin na noman rani, ta ja ruwa, ta yafa. Kwana bakwai ya tsiro. Ba ta mutu ba sai da ta ci tuwonsa.

Kafin in fara sai da na ce ga ta nan ga ta nanki, a fili, da bakina. Na saurara ko zan ji kin ce ta zo mu ji ta. Ƙarar fanka kawai na ji.

Na san wannan takarda ba za ta iso inda kike ba, addu'a ce mai isa. Ya Allah Ka gafarta wa Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka mayar mata da ganinta, Ka saukar da ita a Aljanna mai ƙoramu. Ni kuma Ka yafe mini abin da na hana ta alhali yana bakina. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Autanki da ya makara,
Bashiru
Talata Mafara