Zakaran Dattijon Likoro

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya zaman Legas? Mu lafiya lau.

Baba ya baza a kasuwar Hunkuyi wai na gano maganin ciwon ƙwaƙwalwa, ni kuma daɗi ya hana ni musawa. Shekaranjiya wani dattijo ya kawo matarsa mai shanyewar jiki daga Likoro, har da zakara. Kaina a ƙasa na ce masa ƙwayoyin halitta kawai nake reno a ɗakin gwaji, ina duba ko wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi za su tsallakar da magani shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ya yi godiya, ya bar zakaran.

Ki gaida maigida, ki sa baiwar Allahn nan a addu'a. Zakaran kuwa, na hana a yanka, ba zan iya ci ba.

Ƙanwarki,
Rabi