Kada ki sayi fayafayan makaɗan nan

Jawahir,

Na wuce aiki, ban so in tashe ki ba.

Fayafayan wasan barkwancin makaɗan nan da kike son saya mini, ki bar su. Jiya na biya shagon fayafayan da ke unguwar Bagdadiyya, aka kunna mini. An gyara hoton ya fito fes, ba laifi.

Sai dai wasan zarcewa yake yi. A tsohon kaset ɗin da marigayiya mamanki ta naɗa, talabijin na yankewa a kira Magariba. A nan take ce mini, "Yalla Abdulghaffar, tashi ka yi alwala."

Na yi ta jiran wurin, har mai shagon ya ce, "Halas Alhaji, ya ƙare."

Ki dai nemo mana mai gyaran tsohuwar bidiyonmu.

Babanki