Jirginmu Ya Karkace

Asabar, 6 ga Mayu

Yau mun gama kafa haƙarƙarin jirgin, ni da Mai Agogo, maƙwabcina. Tun da babban ɗana ya aiko mini da kwalin nan bayan na yi ritaya, wai in sami abin yi in daina sa wa uwarsa ido a kicin, gareji ya zama ofishinmu. Samfurin wani tsohon jirgin ruwa ne mai filafilai, na dakon kaya, tsawonsa bai wuce hannuna ba. Katakon duk a yanke ya zo, namu haɗawa.

Saura rufe jikinsa da siraran katako, falle-falle. Mai Agogo ne ya karanta takardar bayani da gilashin nan nasa na ido ɗaya: in an manna falle a dama, a manna ɗan'uwansa a hagu kafin a ci gaba. In aka cika gefe guda, gam na bushewa zai ja jirgin ya murɗe. Sai muka raba. Dama nasa, hagu nawa, kowace Asabar.

Ya ce a haka sai mun tsufa ba mu gama ba. Na ce da can yara ne mu?

Laraba, 10 ga Mayu

Gobe za a yi mini aikin ido. Likita ya ce ba karatu, ba ƙura, ba sunkuyo. Na rufe jirgin da tsohon zanin gado, na miƙa wa Uwar yara makullin gareji.

Alhamis, 1 ga Yuni

An bar ni in riƙe biro. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Mai Agogo bai fasa zuwa gaishe ni ba. Sai dai ya rage surutu, kuma hannunsa warin gam yake. Na tambaya, ya ce takalminsa ya liƙe.

Asabar, 3 ga Yuni

Na ɗaga zanin.

Gefen dama a rufe ruf, daga ƙasa har sama, an goge da samfefa sumul. Nawa gefen haƙarƙari tsirara. Na ɗaga jirgin na duba ta goshi, na rufe ido ɗaya, na sake dubawa da sabon idon. Ya karkace. Ƙashin bayansa ya lanƙwashe zuwa dama.

Shi ne fa ya karanta mini dokar. Da bakinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba zai ce mini kuskure ne ba.

Ina kwance da auduga a fuska, yana cikin garejina yana ha'intata. Ya gama, ya wanke hannu, ya shigo ya ce yaya jiki.

Lahadi, 4 ga Yuni

Uwar yara ce ke ba shi makullin. Ko musu ba ta yi ba. Tana ninke wanki ta ce, "Malam, katako ne fa." Na ce in katako ne me ya hana a faɗa mini? Ta ce in tambayi abokina.

Bai zo ba yau. Ya san abin da ya yi.

Talata, 6 ga Yuni

Na je shagonsa da jirgin a hannu, mutane na kallona. Ƙusoshin bango babu agogo ko ɗaya, sai inuwarsu a jikin fenti. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, tana cusa kaya a kwali. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ai na ɗauka an faɗa maka."

Tafiya za ta yi da shi. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai, yanzu har ya fara mantawa da tukunya a kan wuta. An yanke magana tun kafin aikin idona. Uwar yara ta sani. Ɗana ya sani. Mai wankin unguwa ma ya sani. Wai an ɓoye mini don kada jinina ya hau.

Mai Agogo na zaune a kan kujerarsa. Ya ce, "Mutumina, ban so in bar maka gefena a buɗe ba." Na ce da ka bar shi a buɗe, da ka faɗa mini. Ya ce da ya faɗa mini, ya san zan ce a rufe kwalin a ajiye. To, da na ce. Ba haƙƙina ba ne in ce?

Na ɗauki jirgina na fito. Ban yi sallama ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Abin da ke cin raina ba karkacewar ba ce. Ni da shi mun binne iyaye, mun aurar da 'ya'ya, ban taɓa sayen ko keke ban shawarce shi ba. Sai ga shi an zauna da shi an yanke cewa ni ba zan iya ɗaukar magana ba. An mai da ni jariri a gidana.

Falle na bakwai daga sama ma bai zauna daidai ba, akwai 'yar kafa. Gaggawa.

Litinin, 12 ga Yuni

Motar ta zo da hantsi. Uwar yara ta ce in fito. Na ce likita ya hana ni shiga rana. Ta dube ni, ta ce likita ya sallame ni tuni, ta fice.

Ta taga na gani. Ya daɗe yana gyara zaman jakarsa a bayan mota, jakar da ba ta buƙatar gyara. Ya dubi ƙofarmu. Sannan 'yar ta kama hannunsa.

Asabar, 17 ga Yuni

Takardar bayani ta ce gam ɗin na saki da ruwan zafi. In na ɓamɓare nasa duka, na daddanne ƙashin bayan da wani abu mai nauyi, zai iya miƙewa. Na dafa ruwa, na jiƙa tsumma, na zauna.

Wajen goshi, inda katako ke lanƙwasa, ya fere bakin kowane falle har suka haɗu ba a ganin tsaga. Ban san yadda ya yi ba, da hannun nan nasa mai rawa.

Ruwan ya huce. Wani lokaci.

Asabar, 1 ga Yuli

Na fara rufe gefena. A kan karkacewar nake bi, don ɓamɓarewa ɓarnar katako ce kawai, ba wani abu ba. Biyu sun karye mini a goshi.

Na kira Mai Agogo a waya, don in ji yadda ake lanƙwasa wurin. Tambaya ɗaya ce. Ya ce a tururin buta ake turarawa, a hankali, ba irin garajena ba. Wai ni ke da garaje. Ya ce ɗakin da aka ba shi ko tebur babu, kuma jikokin sun hana shi taɓa agogon falo, ga shi yana latti.

Ban ce na yafe ba. Bai tambaya ba.

Ya ce in na kai falle na gaba in kira, akwai dabara a wurin. Na ce in na sami lokaci. Uwar yara na bakin ƙofa tana ta share wurin da ta riga ta share.