Kyamarar da Yaya Ya Kafa a Ɗakin Inna

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana yi mini gori a kansa. Jiya sai da na ɗauko sandar goge ƙasa na tsaya ƙarƙashin wata na'ura ina neman inda zan fara duka.

Mu huɗu ne wurin mahaifiyarmu, ni ce ta uku. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, na rufe shagon ɗinkina na dawo da keken ɗinkin falo don in zauna da ita. Sauran duk suna nesa. Wata huɗu da suka wuce babban yayanmu ya zo kwana biyu, ya sa aka kafa kyamara a saman ƙofa tana kallon gadon Inna, ya haɗa ta da wayarsa da ta yayata da ta autanmu. Tawa ba a haɗa ba, wai ai ni ina gani da idona. Har addu'a na yi masa, ashe mai gadi ya kawo mini.

Abar ba ta ɗauka sai an motsa. Da an motsa sai ta ɗauki daƙiƙa ashirin ta tura musu. To me ke motsi a ɗakin mara lafiya? Sa'ad da nake cicciɓar Inna in juya ta, tana nishi ina nishi. Sa'ad da ta ture cokali abinci ya zube. Amma awa biyun da nake zaune riƙe da hannunta har barci ya ɗauke ta, kyamara ba ta san da su ba, don ba na motsi.

Sai ki ga bidiyo a zauren 'yan gida na waya, an zagaye hannuna da jan layi. Yayata, wadda ba ta taɓa canza wa Inna zani ba, ta zama malamar jinya, wai ina fizgar ta. Auta da na goya a bayana, wai don me magani ya yi lattin minti goma sha biyar. Rannan na kama kaina ina yi wa uwata murmushin ƙarya ina gyara tsayuwa don masu kallo. Wallahi na tsani kaina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna kanta. Yaya ya gaya mata in 'yar fitilar ta yi ja, shi ne ke kallonta. Da ta ga jan sai ta ce in gyara mata ɗankwali, ta ɗaga hannun da ke aiki, ta gaishe shi da harshenta mai nauyi, ta tambayi yara. Sai ta yi shiru tana jira. Ni na san motsina ne ya kunna fitilar, amma na kasa faɗa mata. A jikin kwalin kyamarar an rubuta tana da lasifika, amma ko sau ɗaya ba a taɓa amsa wa Inna ba. Yanzu kuma ba ta yarda in canza mata kaya, tana jin kunyar ɗanta. In na rufe abar da tawul, sai Yaya ya kira ya ce me nake ɓoyewa.

Shin in sayi wata mai ɗaukar yini gaba ɗaya su ga komai? Ko in fasa wannan? Ko in ɗauki kekena in bar musu uwarsu da kyamararsu? Na gaji, Anti.

Taki, Mai Ɗinki

Amsa

'Yata, ajiye sandar nan. In kin fasa ta, shi ne bidiyon ƙarshe da za su gani, kuma da shi za su riƙa tuna ki.

Kada ki sayi ta biyu. Ba wanda zai zauna ya kalli yininki, kuma ba a kotu kike ba da za ki tara shaida. Yayanki ma ba na jin mugunta ta sa shi saye. Wanda ke nesa da uwarsa yana cikin tsoro da jin laifi, daƙiƙa ashirin kuwa ko likita aka ɗauka yana juya mara lafiya sai ya yi kama da mugu. Wannan uzuri ne na sayen, ba na jan layin ba. Sun zalunce ki, ki faɗa musu haka sau ɗaya, ba da ihu ba.

Kyamarar gida tana da ƙa'ida. Mai ɗaki ake fara tambaya, kuma Inna tana da hankalinta. Ba a saita ta inda ake tuɓe mutum. Wanda ke zaune a gidan shi ne na farko da za a haɗa wa waya, shi ke riƙe lambar sirri, kuma a canza wadda ta zo da ita daga shago. A mayar da kyamarar bakin ƙofar gida, a kashe tura guntayen bidiyo, sannan a daina yawo da hoton uwarku a zaure, don abin da ya shiga waya uku ba ki san ta huɗun ba.

Abin da ya kamata a saya shi ne babbar wayar allo, da mariƙin da zai tsayar da ita gefen gado. Ki gwada ƙarar sautinta tun a shago, don kunnen tsohuwa za ta yi wa aiki. A tsayar da lokaci kullum, kowa da ranarsa, ya kira Inna ta gan shi kamar yadda yake ganinta. Yayarki kuma ta zo ta karɓe ki mako guda. Hutu haƙƙinki ne, kuma ita za ta koma ba alƙalamin jan layi a hannu.

Kada ki tafi cikin fushi, Inna ce za ta kwana a ciki. Ki kira Yaya shi kaɗai. Ina kyautata zaton a wurin aiki yake kallon bidiyon nan, sauti a kashe. Ki ce ya buɗe duk wanda Inna ta ɗaga hannu a ciki, ya ƙara murya, ya kalla har ƙarshe, har wurin da take yin shiru tana jira. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da alheri a kan awannin nan da ba a ɗauka ba.