Bayanin Kwamfuta Ya Fitar da Waƙar Surukina Gari

Gwaggo Yalwa, don Allah ki cece ni, aurena na neman wargajewa saboda layi biyu da na rubuta.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta a ƙauyenmu, kusa da Sinja. Bana muka haɗa kwamfutocinmu da juna ta waya, ta yadda malami zai ajiye fayil a tasa, wani ya buɗe daga wata. Wurin saitin da Turanci yake, dattawanmu kuwa Larabci da Hausa suka iya, sai na ce bari in sa musu bayani da Hausarmu a ƙarƙashin kowane zaɓi. Zaɓin biyu ne: ka bar foldarka a buɗe, ko ka sa mata kalmar sirri.

To Gwaggo, kin san mu. Mu ne da azumi muke shimfiɗa tabarma a bakin titi, mu tare motar da ba mu san mai ita ba, mu rantse sai ya sauko ya sha ruwa. Da wannan zuciyar na yi rubutun. A ƙarƙashin na farko na sa: "Bismillah, 'yan'uwa su shigo." A na biyu kuma: "Idan kana son hana 'yan'uwanka shiga." Wallahi a lokacin gani nake na zuba ladabi.

Wa zai danna na biyun? Ko mutum ɗaya bai danna ba. Har da shugaban makarantar, Alhaji Hamid, mahaifin Najwa da zan aura bayan Babbar Sallah. Ashe bawan Allahn nan mai rawani da sanda, wanda ko haƙorinsa ba mu cika gani ba, yakan rufe ofis ya ɗauki muryarsa a kwamfuta yana rera waƙoƙin soyayya da ya tsara tun yana saurayi a garin Makwar. Ɗalibai suka tsince su daga ɗakin kwamfuta. Yanzu in ya wuce sai a ji ana rerawa ƙasa-ƙasa, har matar da ke sayar da shayi a bakin kasuwa ta iya amshi.

Gaisuwata da ka yake amsawa. Najwa dariya take yi har da hawaye, ni kuwa abinci ba ya shiga. Ni na ce ya yi waƙa? Amma dai ni na rubuta bayanin. Yaya zan gyara rubutun, yaya kuma zan gyara Alhaji?

Ango Cikin Zullumi

Ɗana, na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na tausaya wa Alhaji fiye da kai.

Niyyarka mai kyau ce. Matsalar ita ce bayaninka bai gaya wa mutum abin da zai faru ba, ya gaya masa irin mutumin da zai zama in ya danna. Wane dattijo ne zai yarda a kira shi mai hana 'yan'uwa shiga? Alhaji ma da nasa laifin, kayan makaranta ba wurin ajiye waƙa ba ne. Sai dai wannan maganar kada ta fito daga bakinka.

Rubutun mai sauƙi ne. Gidajenku akwai zaure, akwai ɗaka, kuma ba wanda ya taɓa zama marowaci don ya saki labule. Ka sa: "Zaure: kowa a makaranta, har ɗalibai, zai iya buɗewa ya kwafa." Sannan: "Ɗaka: sai wanda ka ba kalmar sirri." Ka saita kowace sabuwar folda ta fara a rufe, mai son buɗewa ya buɗe da hannunsa. Ka goge waƙoƙin daga kwamfutocin ɗalibai tun yau.

Shi kuma Alhaji, kada ka tare shi a ofis. Ka ɗauki baffanka ku je gida bayan la'asar, ka ɗauki laifin gaba ɗaya, ka taƙaita. Ka roƙi Najwa ta riƙa yin dariyarta a inda ba zai ji ba. In ya tambaye ka ko ka saurari waƙoƙin, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka kuskura ka yabi muryar.

Allah ya huci zuciyarsa, ya kai mu bikin nan lafiya.

Gwaggo Yalwa