Kitse a Hantata, Baƙi a Wuyan Ladi

Daren Laraba, Nasarawa

Yau likita ta ɗauki hoton cikina, ta ce kitse ya lulluɓe hantata. Na shafa tumbi na ce, "Likita, ribar dimokuraɗiyya ce, a layinmu ni kaɗai na samu." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce hantar da kitse ya cika ba ta jin maganar insulin, wai shi ke rage sukari a jini, kuma ta haka ciwon sukari ke lallaɓowa. Ni da na tsaya a aji biyar na gane wannan, ai haka yarana suke yi mini. Sai ta taɓa baƙin nan na bayan wuyana, ta ce alamarsa ce, ba dauɗa ba.

Nan wasa ya ƙare. Wata uku ke nan Maman Ladi tana dirje irin wannan baƙin a wuyan 'yarmu Ladi da soso har ta yi kuka, ni kuma ina tsokanar yarinyar da "Hajiya Gawayi". Shekararta sha uku, jikina ta ɗauko.

Da na dawo ta tare ni a ƙofa: "Baba, ina lemona?" Lemon kwalbar yana cikin leda, da sanyinsa, kamar kullum. Na miƙa mata.

Har yanzu ban faɗa wa uwarta ba.